Kafin ka sayi cok: yadda ake gane wuyan sifindil da tefar cikinshi a tsohon injin tanin

Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani, makon jiya wani ƙanena da muka koyi aiki hannun maigida ɗaya nan Gusau, yanzu ya buɗe nashi shago can wajen hanyar Ƙauran Namoda, ya kira ni ranshi a ɓace. Ya samu ƙaramin tsohon injin tanin, injin sassaƙar ƙarfe kenan ga wanda ba ɗan sana'a ba, irin waɗanda ake gwanjonsu in an kwashe kayan tsohuwar makarantar koyon sana'a, an sai da mishi ba cok (abin nan mai baki da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙa) ba senta (ƙarfe mai tsini da ke tokare tsakiyar aiki) ba komi, ɗan allon da ke ɗauke da sunan kamfani ma an ɓamɓare shi tun tuni sai ramukan ƙusa. Sai ya ɗauki hoto da waya ya tura ma wani mai kaya a Kano, mai kaya ya ce ai na gane shi turo kuɗi, aka yi webil cok ya iso tasha. Ya kawo ya ɗaura, zagaye ɗaya da rabi abu ya cije. Ya ce min "Yaya wallahi saura kaɗan ya shiga, ko in ɗan ci wuyan da magagari?" Na ce don Allah kada ka soma, ajiye shi gani nan zuwa.

Wagga kalma ta saura kaɗan ita ta kashe injuna da yawa a garin nan, shi ya sa nike so in warware maganar tun daga tushe.

Abu na farko da mutane ka ruɗewa a kai, in an ce wane irin sifindil gare ka, tambaya biyu ce aka haɗa wuri ɗaya. Sifindil dai shi ne ƙarfen nan mai rami da ke juyawa cikin kan injin bisa boris. A ƙarshenshi da ke kallon gado, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen injin, akwai waje akwai ciki. Wajen shi nike kira wuya, nan cok ko faranti ka zama. Cikin kuwa maƙogwaro ne, rami mai tsukewa sannu a hankali kamar mazurari mai tsawo, shi ne tefa, nan ake sa senta ko silif (ɗan bututun ƙarfe mai rage faɗin ramin). Su biyun ba su da dangantaka ta dole, injuna biyu za su iya yin wuya iri ɗaya tefar ciki ta bambanta, kuma akwai tefa ta ukku can a wutsiya wato telistok wadda galibi ta fi ta kai ƙanƙanta da lamba ɗaya ko biyu. To in ka ce ma mai kaya "nawa Mos 3 ne" (lambar tefar ciki kenan) kana neman cok ba ka gaya mishi komi ba, don cok ba ruwanshi da cikin rami.

Kafin kowane awo, kashe wuta daga mesin, babban makunnin wuta, ba daga ɗan makunnin injin ba, sannan in akwai cok a kai ka shimfiɗa katako bisa gado, cok mai inci 10 in ya suɓuce ko ya lotsa gado ko ya niƙe yatsa. Sai wanki da kananzir da tsumma da tsohon buroshi, don ƙurarmu ta hunturu in ta gamu da giris na shekara talatin ta kan zama kamar siminti, ka auna bisa wanga datti ka samu lambar ƙarya.

Mu fara da wuya. Da ido kawai za ka raba su gida huɗu ko biyar.

Mafi tsufa shi ne mai tiredi, kamar ƙaton bolti, cok ana murɗa shi ne ya shiga. Shi ne kan ƙananan injuna irin Myford ML7 da aka fara yi a Ingila a 1946, da South Bend na Amurka, da Boxford. Abu huɗu za ka auna kuma wallahi duk huɗun suna da amfani. Kaurin tiredi daga waje da baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa. Yawan haƙora cikin inci ɗaya, ka ɗora rula ka ƙirga, in kana da gejin tiredi ya fi. Kusurwar haƙori. Sai ɗan wurin nan mai santsi da ke bayan tiredi kafin kafaɗa, kaurinshi da tsawonshi. Na Myford ML7 inci 1⅛ ne mai haƙori 12, santsin bayan inci 1¼. Na South Bend mai inci 9 kuwa inci 1½ ne mai haƙori 8, babban wanshi da ake ce ma Heavy 10 inci 2¼ mai haƙori 8. Boxford ma 1½ ne mai 8 don asali kwaikwayon South Bend ne, amma ga inda gizo ke saƙa, haƙorin Ingila na Witwot digiri 55 ne da kai mai zagaye, na Amurka digiri 60, lamba ɗaya a takarda amma zamansu ba ɗaya ba. Sannan ga na milimita da Jamusawa suka tsara, misali M39 mai tazarar haƙori 4. Ka duba, inci 1½ milimita 38.1 ne, ga 39, a hoton waya wa zai bambance? Amma haƙori 8 a inci yana nufin tazara 3.175, wancan kuwa 4, duk zagaye ɗaya suna saɓawa da fiye da 0.8, shi ya sa zai kama ya yi zagaye ɗaya da wani abu ya tsaya cak. Abin da ya samu ƙanena kenan daidai, wuyan injin 1½ mai 8, farantin bayan cok ɗin da aka aiko mishi M39. Da ya sa bututu ya danna da ƙarfi da yanzu tiredin sifindil ya tafi, faranti ana sassaƙa wani gobe, sifindil na injin da ya girme mu ina za ka samo shi.

Kuma ka riƙe wanga, ba tiredi ke daidaita cok a tsakiya ba. Tiredi ja kawai yake yi. Santsin nan na baya da kafaɗar da faranti ke dannewa su ke sa cok ya dawo wuri ɗaya duk sadda ka cire ka mai da. Na sha ganin yaro ya ɓata yini yana gyara tiredin faranti ya bar ramin santsi da sako-sako, sai cok ya riƙa rawa ya ce boris ne. Illar mai tiredi guda biyu ce, in ka ba injin ribas da gudu ko ka tsai da shi farat ɗaya cok na iya kwancewa ya biyo ka, in kuma ya daɗe ba a cire ba ya kan kafe, kuma masu sa bak giya (giyar rage gudun injin) su kulle sifindil su buga da guduma su ne ka zubar da haƙoran giya. Jiƙa shi da mai ka ba shi kwana biyu, ya fi maka.

Na biyu shi ne mai doguwar tefa, wanda ake rubutawa da L. In ka ga wuya dogo mai tsukewa, da ki guda (ɗan guntun ƙarfe mai hana zamewa) kwance a bisanshi, da wani ƙaton zobe mai tiredi a ciki wanda ke juyawa shi kaɗai a bayan wuyan bai fita, to shi ne. Zoben ke jawo cok, ki ɗin ke hana shi zamewa, shi ya sa ribas bai kwance shi. Tsukewarshi inci 3½ ce cikin kowace ƙafa, kuma lambobin suna da tazara sosai ba a ruɗewa in an auna gindin tefar inda ta fi kauri: L00 inci 2¾, L0 inci 3¼, L1 inci 4⅛, L2 inci 5¼. Tsofaffin Colchester masu zagayayyen kai nan suke, Student L0, Triumph L1. Abin da na lura masu irin wanga injin suna yawan ɓatar da sifanar zoben sai su koma bugunshi da kurfi da guduma, duk ramukan zoben su fashe, alhali sifanar awa ɗaya ce ka yanko ta daga falange.

Sauran duk 'yan gida ɗaya ne, masu gajeruwar tefa, kuma nan ya kamata mutum ya natsu don su suka fi yawa a manyan injunan da ke shagunanmu. Siffarsu, fuska mai faɗi kamar faranti, a tsakiyarta ɗan tudu gajere mai tsukewa wanda tsawonshi bai wuce kaurin yatsa ba. Tsukewar ɗaya cikin huɗu ce, kusurwa digiri 7 da minti 7 da rabi a kowane gefe, kuma wagga kusurwa ɗaya ce ga dukkansu ko na Amurka ko na Jamus ko na Rasha ko na Sin. Girman ake ba lamba. Ka auna gindin tudun dab da fuska, in ka samu wajen milimita 54 lamba 3 ce, 63.5 lamba 4, 82.6 lamba 5, 106.4 lamba 6, 139.7 lamba 8, 196.9 lamba 11. Baniya ba za ta ba ka daidai-wa-daida ba tunda wurin a karkace yake amma tazarar lambobin ta isa ka san gidan da kake.

Sanin lamba rabin aiki ne, saura yadda ake ɗaure cok ɗin, nan suka rabu. Akwai kamlok, mai harafin D, wanda za ka ga ramuka masu kusurwa huɗu a kewayen gefen wuyan inda kake sa makulli ka juya, a bayan cok kuma akwai sitod, 'yan sandunan ƙarfe masu ɗan yanka kamar rabin wata waɗanda ka shiga ramukan fuska, kam, abin da makullin ke juyawa, ya kama su ya ja. D1-3 da D1-4 (lambar ƙarshe ita ce ta girman tudu) sitod ukku gare su, kaurin na farko inci 9/16 na biyu 5/8. Daga D1-5 zuwa sama shida ne, na 5 inci ¾, na 6 inci ⅞, na 8 inci ɗaya cif. Colchester Bantam D1-3 ne, Student 1800 da Harrison M300 D1-4, Triumph 2000 D1-6, Mascot 1600 D1-8. Ka ga sunan Student ya fito sau biyu kenan, tsohon L0 sabon D1-4, to wanda ya ce ma mai kaya "Colchester Student gare ni" kawai ya yi shiru, sa'a ce za ta kawo mishi daidai. Ni dai a raina kamlok ya fi kowane, minti biyu ka canja cok. Sai dai ka lura da alamun nan biyu masu kamar V a gefen kowane kam, in ka ɗaure layin kam ya tsaya tsakaninsu, in ya wuce ko bai kai ba sai ka cire cok ka ƙara ko ka rage sitod ɗin da zagaye ɗaya, kam da ya wuce alama bai riƙe komi ba ko da ka ji shi da tauri.

Akwai kuma mai harafin A, shi ba kam, bolti ne ka ratsa cok daga gaba su shiga ramuka masu tiredi a fuskar sifindil, da wani ɗan maɓalli zagayayye a fuskar mai tura cok. A1 yana da layin ramuka biyu, na cikin tudu da na waje, A2 na waje kaɗai. Sai na ƙarshe wanda ya fi yawa a injunan Jamus da Rasha da gabashin Turai da na Sin da yawa, mai faifai a baya, sitod ɗin cok da notinsu su ratsa manyan ramukan fuska su ɓullo baya, ka juya wani siririn faifai mai ramuka irin na ƙofar makulli ya tare notin, sannan ka ɗaure. A takarda shi ne DIN 55027, kamlok DIN 55029, mai bolti DIN 55026. Injin Rasha 16K20 irin wanga ne, lamba 6. Saboda haka cok na D1-6 da na 16K20 tudun zai zauna lafiya lau tunda tefa ɗaya ce, amma ba za ka iya ɗaurewa ba sai ka canja faranti.

Wani abu game da gajeruwar tefa da ba kowa ya sani ba, dole faranti ya taɓa tudu ya kuma taɓa fuska lokaci guda. In ka sa shi da hannu za ka ga ɗan haske siriri ƙwarai tsakanin fuska da fuska, ɗaurewa ke rufe shi. In hasken ya rage bayan ɗauri, ko kuma faranti ya manne fuska amma yana motsi gefe da gefe, ba a zauna ba. Ɗan tsakin ƙarfe guda da ya maƙale a wurin ya isa ya sa bakin aiki ya riƙa kaɗawa.

Ban so in wuce ban faɗi wani abu da ke ci min rai ba. Na taɓa zuwa duba injin da aka yi ma walda, faranti da sifindil an haɗe su don cok ya ƙi zama. Zafin walda ya lanƙwasa wuya ya taɓa boris na gaba, injin da aka yi shi ya riƙe awo mai kaurin gashi ya koma duk shaf ɗin da ya fito cikinshi sai ya yi rawa. Kuma wa ka biyan kuɗin wanga ganganci? Manomin da ya ɗauko shaf ɗin injin ban ruwa tun daga Bakalori ko Talatar Mafara yana sauri kada shinkafa ta ƙone, ko mai injin niƙa, ya mai da shaf sati biyu boris ya watse ya sake dawowa, bai san daga ina matsalar take ba.

To mu shiga ciki, tefar rami, nan ne aikin ke son haƙuri.

Mi ya sa senta ko dirili mai gindin tefa ka kama da bugu ɗaya ba noti ba komi? Don tsukewar kaɗan ce ƙwarai, kusan ɗaya cikin ashirin, ƙarfe na shiga ƙarfe ya cije kamar ruwan fartanya cikin ƙota, amma sai in jikin ya taɓa jiki tun daga sama har ƙasa. In kusurwa ta saɓa ko da kaɗan ne, wuri ɗaya kawai zai taɓa, ko baki ko gindi, sauran yana lilo. Zai yi kamar ya kama, kana fara aiki ya juya a ciki ya zana zobe, ya ɓata ramin.

Wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba ita ce tefar Mos, sunan Stephen Morse ne mutumin New Bedford a Amurka mai kamfanin dirili, tun wajen 1864. Ka auna bakin rami: lamba 1 milimita 12.07, lamba 2 17.78, lamba 3 23.83, lamba 4 31.27, lamba 5 44.40, lamba 6 63.35. Akwai wata 4½ mai 38.1 da ta kan ɓullo a kan wasu injuna, wadda ta sha ruɗa mutane don ta fi 4 ba ta kai 5 ba. Myford ML7 Mos 2 ne kai da wutsiya, South Bend 9 da Boxford 3 a kai 2 a wutsiya, Harrison M300 5 da 3, 16K20 6 da 5. Kuma kada ka ɗauka duk Mos kusurwa ɗaya ce, kowace lamba da tata, ta 2 ɗaya cikin 20.02, ta 3 cikin 19.92, ta 4 cikin 19.25, ta 5 cikin 19.00, ta 6 cikin 19.18, haka aka gada haka aka bari. Wanda ya saita injin ya sassaƙa Mos 2 ya ce bari in yi 4 da saitin nan, ya yi asarar ƙarfe.

Matsalar ita ce ba Mos kaɗai ke duniya ba, musamman a injunan da suka tsufa sosai. Akwai ta kamfanin Brown & Sharpe, tsukewarta kusan rabin inci a ƙafa wato ɗaya cikin 24, kuma lamba 7 tata bakinta wajen inci 0.72 ne, ga Mos 2 inci 0.70, wa zai gani da ido? Akwai Jarno, ita ɗaya cikin 20 ce cif, lissafinta ma mai daɗi, lambar ka raba da 8 ka samu babban baki a inci, ka raba da 10 ƙaramin baki, ka raba da 2 tsawo, wato lamba 6 baki ¾, gindi 0.6, tsawo inci 3. Monarch 10EE na Amurka Jarno 12 ce cikin kanshi. Manyan injunan Turai kuma suna da ta milimita, ita ma ɗaya cikin 20, lambarta ita ce faɗin bakinta kamar 80 ko 100. Sannan wasu kamfunna tefar kansu suka yi wadda ba ta cikin kowane jadawali, su haɗo ka da silif da ke rage ta zuwa Mos, silif ɗin nan kuwa shi ne abu na farko da ka ɓata in injin ya canja hannu. Wani ramin kuma Mos ne amma an datse shi, rabin tsawon kawai aka yi don a bar ramin sifindil da faɗi, sai ka sa senta ka ga ta leƙo da yawa ka ce ba ita ba ce alhali ita ce.

Shi ya sa awon baki shi kaɗai bai isa ba, yana nuna maka unguwa ne ba gida ba. Bakin ya kan buɗe da tsufa, wani an taɓa share fuskar sifindil baki ya ragu, wani an ɗan kashe mishi kaifi. Kusurwa za ka nema. In kana da agogon awo mai ɗan hannu, ka kafa shi bisa keken injin, wato sashen da ke tafiya bisa gado, kan hannun ya shiga rami ya taɓa bangon gefe daidai tsayin tsakiya, wanga sharaɗi ne don in ya yi sama ko ƙasa lambar za ta ƙaru, sai ka tura keke milimita 50 cif ka karanta. Sifindil a tsaye fa, ba a kunne ba. Abin da agogo ya nuna rabin tsukewa ne tunda gefe ɗaya ka auna. Brown & Sharpe zai ba ka wajen 1.04, Jarno da ta milimita 1.25, Mos 2 da 3 su ma nan kusa 1.25 zuwa 1.26, Mos 4 wajen 1.30, Mos 5 wajen 1.32. Ka ga ya raba maka Brown & Sharpe da sauran sarai, tsakanin Jarno da ƙananan Mos kuwa sai ka koma ga faɗin baki, su biyun in ka haɗa ba su ƙarya.

In ba agogo, ga dabarar da maigidanmu ya koya muna, Allah ya jiƙanshi. Ka sassaƙa 'yan faifai biyu masu kaifin gefe, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ka san kaurin kowane da maikuromita, ka manna kowane a kan sanda ka tura shi a miƙe har ya tsaya, ka auna zurfin da ya kai daga fuska. Bambancin kaurinsu ka raba da bambancin zurfinsu, tefa kenan. Misali ɗaya milimita 23 ɗaya 21, na farko ya tsaya a zurfin 16 na biyu a 56, biyu cikin arba'in, ɗaya cikin ashirin. Da ya fito ɗaya cikin 24 ka san ba Mos ba ce.

Hukuncin ƙarshe dai na maka ne, alƙalamin tawada mai kauri, ko bulu, shuɗin shafen gwaji. Ka aro senta ko gindin dirili mai lafiya na lambar da kake zato, ba wanda ya sha guduma ba, ka ja mishi layi ukku a tsaye daga sama har ƙasa, ka sa a rami da hannu ba bugu, ka murɗa kwata ko rabin zagaye ka zare. In layukan sun goge tun daga sama har ƙasa, ita ce. In baki kaɗai ya goge ko gindi kaɗai, kusurwa ba ɗaya ba. In wani ɗan wuri guda ya goge a tsakiya sauran bai taɓu ba, to akwai ƙari ko zobe a cikin ramin, haska tocila ka shafa da yatsa za ka ji shi, wanga ana kwantar da shi da ɗan dutsen wasawa a hankali wurin kaɗai, ba a naɗa samfefa a sanda a kunna injin, wannan buɗe bakin rami yake yi ya mai da shi kamar ƙararrawa. Kuma in ta tabbata tefarka ba ta cikin jadawali ba abin tashin hankali ba ne, injin da kanshi zai yi ma kanshi silif, ka karkata kampawun, ɗan ƙaramin keken sama da ke juyawa, kana bin bangon ramin da agogo har allura ta daina motsi, kusurwar kenan ka kwafa, ka sassaƙa ka gwada da maka.

Kada kuma a haɗa wagga magana da 'yar gajeruwar tefar da ke bayan cok na dirili, irin su JT33 da B16, wannan tsakanin cok ɗin dirili ne da sandarshi, ba ta shafi sifindil ba.

Na ƙanena da muka wanke muka auna, bakin rami ya ba mu 24 da ɗan kai, agogo ya ba mu kusan 1.26 a tafiyar 50, na zo da senta Mos 3 daga shagona muka ja maka, ta goge ko'ina sai wani zobe guda can ciki da wani ya taɓa barin dirili ya juya, muka kwantar da shi da dutse. Wutsiya Mos 2. Gejin tiredi na digiri 55 shi ya zauna a wuyan ba haske. Cok ɗin Kano bai mai da shi ba don cok ɗin lafiyayye ne, farantin kawai muka kwance, na samu guntun baƙin ƙarfe na zubi na yanke mishi tiredi 1½ mai 8 da ramin santsi a injina, muka kai muka murɗa a nashi ya shiga da hannu har kafaɗa, sannan aka share fuskar farantin da matakin da cok ka zama a bisa injin nashi shi kanshi, don faranti sai a kan sifindil ɗin da zai zauna ake gama shi. Ya ce "Yaya to in zan sayi cok mai baki huɗu nan gaba mi zan ce ma mai kaya?" Na ce ka rubuta mishi kaurin tiredi da yawan haƙori da digiri da kaurin santsi da tsawonshi, ka ɗauki hoton baniya tana kan wuyan lambar na fitowa, shi ma ka ce ya auna nashi ya turo maka hoto kafin ka tura ko sisi. Shekaranjiya ya sassaƙa shaf ɗin famfo na farko a kai, kaɗawar da agogo ya nuna ba ta kai milimita 0.03 ba a bakin cok.